Tsutsar da ke Bushewa Ƙurmus Ta Sake Tashi

Duk manomin rani a Kura, Bunkure ko Madobi ya san tara ruwa a Tiga rabin aiki ne. Dam ɗin na nan tun 1974, amma tumatir da alkama ba su san da zamansa ba sai ranar da aka buɗe ƙofar kanal. Gwaninta na wurin wanda ya san lokacin buɗewa da lokacin rufewa. A jikin ƙwari ma akwai mai irin wannan aiki, wani inzayim da ake kira tirehalez, kuma ban san wani ma'aikaci ɗan mitsitsi da ya kai shi iya lissafin lokaci ba.

Sukarin da ke yawo a jininmu gulukos ne. Na yawancin ƙwari kuwa tirehalos ne, wato gulukos biyu a ɗaure wuri guda. Masana biyu, Wyatt da Kalf, suka tabbatar da haka a shekarun 1950. Ɗaurin nan ya sa sukarin ba ya saurin lalacewa, ba ya kuma ɓata naman jiki, don haka ƙwaro na iya tara shi da yawa ba tare da ya cutu ba. Sai dai tsoka ba ta iya amfani da shi a ɗaure. Dole a raba shi biyu, kuma wannan rabawar ita ce kaɗai sana'ar tirehalez.

Dubi fara idan ta tashi. Ƙarfin farko da take kaɗa fiffike da shi daga tirehalos ɗin jininta yake fitowa, tirehalez na tsinka shi a tsokar ƙirji daidai gwargwadon buƙata, sai tafiya ta yi nisa ta koma cin kitsen jikinta. Tsutsar da manoman Kadawa ke kira Sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a 2016, ita ma ba ta girma sai ta yi saɓa, kuma sabuwar fatar da gulukos ɗin da tirehalez ya saki ake gina ta.

Amma inda abin ya fi ƙayatar da ni shi ne wurin wani ƙwaro namu na arewacin Najeriya, mai kama da sauro amma ba ya cizo. A 1951 masani H. E. Hinton na Ingila ya bayyana shi ga duniya, ya sa masa suna Polypedilum vanderplanki don girmama Vanderplank da ya samo shi. Tsutsarsa ja ce, siririya, ba ta kai tsawon farce ba. Gidanta ƙananan ramukan da ke kan falalen dutse, waɗanda ke cika da damina su ƙafe ƙaf da zarar an ɗauke ruwa. Ba ta gudu. Tana shigewa ɗan bututun da ta gina da laka da yawunta, shi ke rage saurin bushewar ya ba ta kamar kwana biyu na shiri. Idan aka busar da ita farat ɗaya, mutuwa take yi.

A kwana biyun nan take juya abincin da ta adana ya zama tirehalos, har ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na busasshen nauyinta. Sukarin ya maye gurbin ruwa a kowane lungu na jikinta, ya daskare ya zama gilashi, ya riƙe komai a mazauninsa. Ruwan da ya rage mata bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Babu numfashi, babu motsi. To ina tirehalez a wannan lokaci? Yana nan, amma an daƙile shi. Masu bincike na Tsukuba a Japan, abokan aikin Takashi Okuda, sun nuna a 2010 cewa yayin da masu ƙera sukarin ke ƙara himma, aikin mai tsinka shi raguwa yake yi. Da zai ci gaba da aikinsa na kullum, da tarin bai taɓa cika ba.

Ranar da ruwan sama ya sauka a ramin, tsutsar ta jiƙe ta kumbura, cikin kamar awa guda ta fara mutsu-mutsu. Nan tirehalez ke komawa bakin aiki, ya narkar da sukarin da ya tsare ta ya zama abincin gyaran jiki. An taɓa farfaɗo da wadda ta shekara 17 a bushe. Hinton ya sa busassun tsutsotsin cikin sanyin da ya kai digiri 270 ƙasa da sifili, suka tashi. A 2007 aka kai su tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, aka ajiye su a waje, aka dawo da su aka jiƙa, wasu suka farka. Ikon Allah ke nan a cikin abin da muke takawa ba mu sani ba.

Busasshen yis ɗin masu burodi ma da tirehalos yake jure zaman leda, kuma hanjinmu na da nasa tirehalez. Manomin shinkafa kuma na da riba a nan: balidamisin, maganin da aka samo a Japan daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, yana tsayar da funfunar da ke ƙone kuben shinkafa ne ta hanyar toshe tirehalez ɗinta. Ana ta binciken yin irin wannan ga ƙwarin gona, sai dai a yi hattara, don ƙudan zuma ma da wannan inzayim yake tashi.

Ƙwaron nan na ramukan dutse namu ne, amma a Japan da Rasha aka karanto tsarin halittarsa a 2014. Ina kira ga ɗaliban kimiyya na Jami'ar Bayero da ta Wudil, da masu aiki a tashar bincike ta Kadawa, su hau duwatsun da ke kusa da su da rani, su kankaro busasshiyar lakar ramukan, su jiƙa ta, su rubuta abin da suka gani.