Ganga a gaban kyamara: sharhi bisa jerin gangunan jaz cikin sinima da talabijin

1. Kowane sashe da shekararsa

Abin da Faransawa ke kira batterie, wanda Bahaushe kan ɗauka batirin mota ne, jerin ganguna ne da farantan tagulla waɗanda mutum ɗaya ke kaɗawa daga zaune, da hannu biyu da ƙafa biyu. A Amurka aka harhaɗa shi tun daga ƙarshen ƙarni na 19, kuma kiɗan jaz na baƙar fatar ƙasar ne ya raine shi. Ba rana ɗaya aka ƙera shi ba. Matakin da ke ba ƙafa damar buga uwar ganga da sauri, William Ludwig ne ya fitar da irin da ya karɓu, a Shikago cikin 1909. Tagwayen farantan da ake haɗa bakinsu da ƙafar hagu ba su tashi sama inda sanda za ta kai gare su ba sai wajen ƙarshen shekarun 1920. Ƙananan gangunan da ake ɗaure fatarsu ta sama da ta ƙasa da ƙusa sun bazu ne tsakiyar shekarun 1930, zamanin Gene Krupa da kamfanin Slingerland. Fatar roba kuwa ba ta shigo ba sai 1956 zuwa 1957. Kafin nan fatar maraƙi ce, wadda kan saki in da raɓa, har wasu makaɗa sukan sa ƙwan lantarki cikin uwar ganga don ta bushe.

Saboda haka jerin ganguna kamar takardar haihuwa yake: wanda ya san shi, da gani ko da ji, yana iya ƙiyasta zamanin. Abin da nazarin finafinai ya nuna shi ne, masu sinima sun fi jin tsoron ido bisa kunne.

2. Inda ido ya ƙoshi aka bar kunne

Cikin The Benny Goodman Story na 1956, Krupa da kansa ne ya fito a matsayin Krupa. Da jin haka sai a ce gaskiya ta cika, amma mutumin da aka haifa cikin 1909 ne, ya haura shekara 45, yake kwaikwayon saurayin da ya kaɗa a zauren Carnegie ran 16 ga Janairu 1938 yana ɗan shekara 29. Cikin The Gene Krupa Story na 1959 kuma, Sal Mineo ake gani, Krupa ake ji. Labarin ya soma daga 1927, sautin duka na ƙarshen shekarun 1950 ne, da hannun da ya riga ya nuna da na'urar ɗaukar sauti ta lokacin.

Misalin da ya fi nauyi shi ne Bird, fim ɗin Clint Eastwood na 1988 bisa rayuwar Charlie Parker, mabushin da ya rasu cikin 1955. An ɗauko faya-fayan Parker na ainihi, aka tsame busarsa, aka share waɗanda suka kaɗa tare da shi, sa'an nan aka sa makaɗan shekarun 1980 suka sake cika wurin. Masu fim na da hujja: tsofaffin faya-fayan sun dushe, ba su iya cika babban zauren sinima. Fim ɗin ma ya ci kyautar Oscar ta sauti. Duk da haka asarar ba ƙarama ba ce. Sabon salon da Parker ya yi suna da shi, rabinsa a ganga yake, don Kenny Clarke ne, farkon shekarun 1940, ya ɗauke riƙon kari daga uwar ganga ya mai da shi bisa babban faranti, ya bar ƙafa tana jefa bugu inda ba a zata ba, Max Roach kuma ya ɗora. Busar Parker zance ce tsakaninsa da irin waɗannan makaɗa. Share su daidai yake da a tsame muryar Mamman Shata daga kalangai da ƴan amshi, a ɗora ta bisa wani kiɗa, a ce ga Shata.

Har labarin farantin da aka jefa bai tsira ba. Tsakiyar shekarun 1930, a birnin Kansas, makaɗi Jo Jones ya jefar da faranti don ya tsai da yaro Parker da ya ɓace cikin kiɗa, kuma ruwayar da ta fi ƙarfi ta ce ƙasa ya jefa shi, gaban ƙafafunsa. Cikin Whiplash na 2014, malamin kiɗa ya ba da labarin a kan cewa kansa aka nufa. Ana iya cewa malamin mugu ne, ƙaryar tasa ce, ba ta mai fim ba; sai dai fim ɗin bai gyara ta ba ko sau ɗaya, ɗan kallo kuwa da ita yake fita.

3. Inda aka dace

Ma Rainey's Black Bottom na 2020 ya nuna ɗaukar faifai a Shikago cikin 1927, da makaɗa huɗu, babu ganga ko ɗaya. Wannan rashi shi ne daidai ɗinsa, domin masu ɗaukar sauti na zamanin suna gudun uwar ganga kada ta sa allura ta yi tsalle. Baby Dodds ma, cikin faya-fayan King Oliver na 1923, akasari ɗan katako ake jin yana bugu.

A talabijin, Get Back na Peter Jackson, 2021, ya nuna Ringo Starr cikin Janairu 1969 bisa gangunan Ludwig masu launin ice, da ƴan tawul shimfiɗe bisa fata don kashe amo, ba masu launin baƙi-baƙin nan da duniya ta sani tun 1964 ba. A nan ma an sa kwamfuta ta rarrabe sauti, amma don a ji abin da ke ciki, ba don a musanya shi ba. Dabara ɗaya ce da ta Bird, niyya ce ta bambanta.

4. Abin da ya shafi masu bincike

Fim ya zama littafin tarihin wanda bai yi karatu ba, kuma ba ya zuwa da gargaɗi. Ƙasar Nijar ta riga ta ba da misalin yadda ake yi: Tourou et Bitti, wanda Jean Rouch ya ɗauka a Simiri cikin 1971, kyamara ba ta tsaya ba har kamar minti 10, kuma gangar da ake gani ita ake ji. Duk mai shirin fim ko darasin talabijin bisa tarihin ƙasar Hausa zai gamu da tambayar nan, tun da tambari na sarauta ne, taushi da kotso na makaɗan fada, kalangu kuwa an san shi da mahauta. Ƙamus ɗin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King, 1971, ya tattara sunayen. Aikin da ya rage shi ne kowane suna a haɗa shi da sautinsa, da garin da aka ɗauka, da shekara, a kuma rubuta a fili duk inda aka sake kaɗa wani abu daga baya.