Muryar Zango da Alƙalamin Ɗalibi: Tsokaci a kan Fitar da Sautin Hira

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi tsokaci ne a kan ra'ayin da ke cewa ɗalibin aikin jarida ya riƙa fitar da ainihin sautin hirarsa tare da rubutaccen rahoto, domin mai karatu ya amince da shi. Za a ɗauki misali daga zangunan birnin Accra, wato Tudu da Nima da Mamobi.

2.0 Tushen Ra'ayin

Wannan dabara tana da tarihi a ƙasar Gana. A shekarar 1913 R. S. Rattray ya wallafa littafin Hausa Folk-lore, inda ya ajiye ajamin da Malam Shaihu ya rubuta da hannunsa, sannan ya biyo da boko da fassarar Ingilishi. Duk mai shakkar fassarar yana iya komawa ga asali ya auna. Sautin hira shi ne ajamin ɗalibin yau.

3.0 Alfanu

Hausar zango ta sha bamban da Daidaitacciyar Hausa. Galibi ba ta bambanta jinsin namiji da na mace, don haka akan ji "yarinya ya zo". Haka kuma /ƙ/ da /ɗ/ da /ɓ/ sukan koma /k/ da /d/ da /b/. Ɗalibin da ya yi hira da wata 'yar kasuwa a Nima yakan "gyara" mata magana wajen rubutawa, ko ya juya ta zuwa Ingilishi. Da zarar ya yi haka, kalmominsa ne mai karatu yake gani, alhali sunan matar ne a kai. Idan sautin yana nan, mutanen unguwa za su saurara da kunnensu, su tabbatar ba a sa mata magana a baki ba.

4.0 Naƙasu

Sai dai kuma sauti ma ana yanka shi, ana jona shi. Gutsuren daƙiƙa 30 daga hirar sa'a guda yana iya karkatar da ma'ana fiye da rubutu. Bugu da ƙari, a unguwar da kowa ya san kowa, ɓoye suna ba ya ɓoye murya. Kisan ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale a Madina cikin Janairun 2019, bayan an yayata hotonsa a talabijin, ya nuna haɗarin tona asirin mutum. Dokar kare bayanan jama'a ta Gana ta 2012 ma ta jaddada neman yardar mai bayani.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, fitar da sauti abu ne mai kyau, amma bisa sharuɗɗa uku: a nemi izinin mai magana cikin harshen da yake ji kafin a fara ɗauka, a bayyana wa mai saurare duk inda aka yanke, idan kuwa akwai fargaba, a danƙa sautin ga malami ko edita kaɗai. Amanar wanda ya yi magana tana gaba da yardar mai karatu.