Amshi Ba Kwafi Ba Ne

Manhajojin rubuta kiɗa a kwamfuta, irin su Sibelius da MuseScore, da Finale wadda aka daina sayarwa a 2024, suna da wani tsari da suke kira muryoyi. A kan layuka biyar ɗin nan da Turawa ke rubuta sauti, ana iya ɗora murya har huɗu, kowace da tafiyarta. A MuseScore ta farko shuɗiya ce, sandunanta na kallon sama, ta biyu koriya, nata na kallon ƙasa. In kana son ta biyu ta faɗi abin da ta farko ta faɗa, sai ka zaɓi gaɓar, ka kwafa, ka liƙa. Aikin daƙiƙa biyu ne, kuma abin da ya fito ba ya bambanta da na asali ko da ƙwayar gero.

To amma a ɗauki wannan manhaja a kai ta Dogo-Dogo, can ƙasar Dungas kusa da iyakar Jigawa, a zauna gefen dandali da dare 'yan mata na gaɗa. Zabiya ta ba da waƙa, saura su amsa, tafi na tafiya. Mai rubutu zai ce aiki ya yi sauƙi: ga murya ta ɗaya, ga ta biyu, amshi kuwa abu ɗaya ne ake ta maimaitawa, a rubuta sau ɗaya a liƙa sau ashirin. Nan ne kuskuren yake. Amshin farko ana yin sa ne da sanyin jiki, kafin wasa ya kankama. Na goma kuwa tun zabiya ba ta rufe baki ba an cafe, wata ta haura sama da muryarta, wata ta tsaya ta ja numfashi ta shigo a tsakiya, wata ta rangaɗa guɗa. Kalmomin ba su sauya ba, amma wurin shiga da nauyin murya sun sauya.

Manazarta waƙar baka sun daɗe da lura da haka. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rarrabe hanyoyin da waƙa ke bi daga bakin jagora zuwa na 'yan amshi, ya kawo ƙari da tarbe da rakiya da karɓeɓeniya. A ƙari, jagora ya fara magana ya sake ta, yaransa su ƙarasa masa da abin da bai faɗa ba. A tarbe, suna tarye shi kafin ya dire. Duk wanda ya saurari Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya san wani lokaci yaran sun fi shi yawan magana a cikin ɗan waƙa, su ma suna miƙa wa juna, shi yana jefa kalma ɗaya biyu kamar mai iza wuta. Mamman Shata ya bi wata hanya: amshinsa gajere ne, kusan ba ya motsi, shi ke ta zuba a kai. Wannan ne ma za a ce ya fi kusa da liƙe, amma ko shi, makaɗan kalangunsa ba sa barin amshi biyu su fito iri ɗaya.

Ba ina kushe manhajar ba ne. Tsarin muryoyin ma ya dace da mu fiye da yadda ake zato, domin tarbe ba ya rubutuwa sai da murya biyu, ɗaya ta hau kan wutsiyar ɗaya. Akwai kuma inda kwafi yake da amfani na gaske. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na cikin ma'anar kalma. In aka kwafi layin jagora aka sauke shi gaba ɗaya ƙasa kaɗan don wata murya, karin kalmomin na nan daram. In kuwa aka bi ƙa'idar mawaƙan majami'un Turai, inda ake son wata murya ta hau yayin da wata ke sauka, sai rabin mawaƙan su riƙa furta Hausar da ba a gane ta.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ɗakunan haɗa sauti na Kano da Damagaram, ko da yake can ba a damu da layuka biyar ba, FL Studio da Cubase ake ji da su. Mawaƙiya ta shiga ta yi amshi sau ɗaya, mai haɗa sauti ya ninka muryarta ta zama kamar ta mutum huɗu, ya jera ta bayan kowane baiti. Kuɗin 'yan amshi ya huta, lokaci ya ragu, kuma ba mai musun cewa aikin na fita tsaf. Waɗannan waƙoƙin ne ake turawa a waya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, su tsallaka iyaka su iso bukukuwan Dogo-Dogo da Magarya, inda yanzu sau da yawa lasifika ake haya maimakon a kira makaɗi. Yarinyar da ta tashi da su a kunne tana koyon cewa amshi jira ne har mai waƙa ya gama, sannan a maimaita daidai. Tarbe kuwa, in ta ji yayyenta sun yi a dandali, sai ta ɗauka riga-malam-masallaci ne.