Hannun da ke ganin kitsen hanta

Mahauci a Dakusa kallo ɗaya zai yi wa hantar rago ya gane kitse ya kama ta, amma sai ya yanka ya feɗe tukuna. Mai ɗaukar hoton ciki a babban asibitin Damagaram, a jikin mutum mai rai yake gano wannan, ko ɗigon jini bai zuba ba.

Har gobe hanyar da ta fi tabbas ita ce a soka allura a tsakuro tsokar hanta. Sai dai abin da ake cirowa bai wuce kashi 1 cikin 50,000 na hantar ba, ga fargabar zubar jini, ga wuyar saiti a jikin mai ƙiba sosai.

Shi ya sa aikin gwanin hoto yake burge ni. Zai kwantar da majinyaci rigingine, hannun dama a bayan kai, ya shafa masa mai, ya lalubi tsakanin haƙarƙari. "Alhaji, ja numfashi, riƙe." Abin da yake nema shi ne hanta da ƙodar dama su fito tare a allo. Lafiyayyar hanta haskenta kusan ɗaya ne da na ƙoda. Mai kitse takan fi haske, jijiyoyin cikinta su dushe, can ƙasanta ya yi duhu. A jikin siriri wannan da sauƙi. Mai teɓa kuwa, kitsen ciki yakan shanye sautin da na'urar ke aikawa kafin ya kai hanta, hoton ya fito dishi-dishi. Nan ake gane ƙwararre: ya juya mutum gefen hagu, ya ƙara dannawa, ya sauya saiti don sautin ya nutsa, kuma ba zai ce komai ba sai ya gani da kyau.

Ido yana da iyaka. Cutar kitsen hanta tana farawa daga kitse kashi 5 cikin 100, hoton ciki kuwa bai cika nunawa ba sai ya kai wajen kashi 20. Na'urar FibroScan, da kamfanin Echosens na Faransa ya fitar a 2003, daga baya an ƙara mata awon yawan sautin da kitse ke shanyewa, da wani kai na musamman, XL, mai leƙa zurfin milimita 35 zuwa 75 saboda masu ƙiba. Ita ma hannu take so: majinyaci ya yi awa 3 bai ci ba, a samu awo 10 masu kyau. Hoton MRI ya fi na'urorin biyu daidaito, amma ga tsada, kuma wani mai jiki ramin na'urar ba ya ɗaukarsa.