Askin Inabi a Ƙasar Zazzau

Wanda ya ga inabi a faranti a kasuwar Sabon Gari ko a bakin titin Samaru da rani, sai ya ɗauka duk daga ƙetare aka kawo shi. Akwai na ƙetaren, amma akwai na gida. Ƙaramar hukumar Kudan, maƙwabciyar Sabon Gari, ta yi suna da noman inabi, kuma hannun manomanta ya cancanci yabo.

Inabi ɗan ƙasashen sanyi ne. A Faransa ko Italiya sanyi ke kakkaɓe masa ganye, ya kwanta ya huta, in ɗumi ya dawo ya farka da toho da fure. Hunturunmu bai kai ya kwantar da shi ba. In aka ƙyale shi, yaɗo kawai zai yi ta yi, rumfa ta cika da ganye, 'ya'ya kuwa sai tsilli-tsilli. Aikin da sanyi ke yi a can, a nan almakashin manomi ke yin sa.

Sau biyu ake askin a shekara. Bayan girbi a yi mai zurfi, don itacen ya fitar da sababbin rassa. Na biyun, wanda ake yi in damina ta ja baya, shi ne na 'ya'ya, kuma a nan ake gane gwani. Samaru na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba, inabi kuwa ba ya shiri da laima. In aka yi gaggawa, ruwan ƙarshe ya tarar da fure, cutar ganye ta kama. In aka makara, nonon inabin ya nuna cikin zafin bazara. Daga aski zuwa girbi wata huɗu ne ko kusa da haka, saboda haka lissafin daga baya ake faro shi.

Ku dubi hannun gwani a ƙarƙashin rumfar waya. Ba kowane reshe yake bari ba. Yakan laluba wanda ya ƙosa, ya koma ruwan ƙasa, kaurinsa kamar fensir. Ya ƙirga idanu, ya yanke a karkace sama kaɗan da ido na ƙarshe, ya tsige ganyen da ya rage. Ya san 'ya'ya ba sa fitowa a tsohon gungume, sai a tohon da ya fito daga reshen da ya gabata. Daga baya ma zai dawo ya cire wasu nonnan suna ɗanye shar, abin da sabon shiga ba ya iya yi don ganin asara.

Haka kuma gwani ba ya saurin tumɓuke tsohon itace. Saiwarsa ta yi nisa, ta fi jure ƙishi, 'ya'yansa ba yawa amma akwai ɗanɗano. A garin Maribor na Sulobeniya akwai itacen inabin da ya haura shekara 400 yana haihuwa. Turawa don giyarsu suke ririta irin waɗannan. Namu manoman na ci suke nomawa, amma su ma daga tsohon da ya tabbatar da kansa suke yanko reshen dashe, domin ƙwallon inabi in an shuka ba ya ɗauko halin uwarsa. Sauran aiki shi ne gadi: gara ta ƙasa, tsuntsaye da rana, jemagu da dare.