Harshen damo a cikin bayanau na Ingilishi "deceptively"

Bayanau "deceptively" ya fito ne daga aikatau "deceive", wato yaudara, amma idan ya rakiyi sifa sai ma'anarsa ta rabu biyu. Ƙamus na American Heritage ya gabatar wa masanansa jimlar da ta siffanta tafkin wanka da "deceptively shallow". Kashi 50 cikin ɗari suka ce zurfinsa bai kai yadda ido ke gani ba, kashi 32 suka ce ya fi haka, kashi 18 suka kasa yanke hukunci.

Dalilin saɓanin shi ne, kalmar tana nuna cewa akwai ruɗi, amma ba ta fayyace ko sifar tana bayyana zahiri ne ko haƙiƙa ba. Saboda haka fassarar "da yaudara" kuskure ce ta fuska biyu: ta ɗora wa ruwa niyyar cuta, kuma ta bar mai karatu cikin shakka. A allon gargaɗi, irin wannan shakka tana iya jawo hasarar rai.

Abin da ya kamata ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci shi ne su tantance manufa tukuna, sa'an nan su rubuta ta sarai: "ruwan ya fi yadda ake ganinsa zurfi".