Bawan Allah Mai Karkata Kai Da Alamomin Tambaya

Duk wanda yake cikin zauren WhatsApp na unguwarmu ta Sabo ya san hoton nan, ko da bai san sunan mai shi ba. Wani baƙin saurayi ne ya karkata kai gefe, ya yi wani ɗan murmushi na wanda aka gaya wa zancen da bai shiga kansa ba, ga alamomin tambaya an jera masa hagu da dama. Yara suna ce wa irinsa mim, wasu su ce sitika. Da zarar an turo maganar da ba ta yi musu ba, ba za su rubuta ko harafi ɗaya ba, sai kawai ka ga bawan Allahn nan ya faɗo.

Sunansa Nick Young, tsohon ɗan ƙwallon kwando ne na Amurka, ya buga wa Los Angeles Lakers. An ciro hoton daga wani bidiyo na 2014 inda ake hira a gidansu, mahaifiyarsa tana ba da labarin cewa yana yaro shi ɗan shirme ne mai ba mutane dariya. Shi ne ya juyo ya yi wa mai ɗaukar hoto wannan kallo. To a nan muke so a tsaya. Mutumin nan bai ruɗe ba. Ya ji abin da uwarsa ta ce sarai, ya kuma gane. Fuskar tasa cewa take yi, ku ji wai ni ake nufi. Wato tun asali hoton na wanda ya gane ne yake yin kamar bai gane ba, kuma da wannan ma'anar ya shigo wayoyinmu.

Ba za mu ƙi faɗin gaskiya ba, akwai inda hoton ya yi daidai kamar don wurin aka ɗauke shi. Ku tuna lokacin canjin kuɗi. Babban Banki ya ce ranar 31 ga Janairun 2023 tsofaffin takardun 200 da 500 da 1000 sun daina aiki. Aka matsar zuwa 10 ga Fabrairu. Shugaban ƙasa ya fito ya ce tsohuwar 200 kaɗai a ci gaba da karɓa. A watan Maris Kotun Ƙoli ta ce duka a karɓa har ƙarshen shekara. Ɗan kasuwa a Bodija yana riƙe da damin kuɗi da safe, bai san ko da yamma kuɗi ne ko takardar ƙunshe ƙosai ba. 'Yan canjinmu ma da suka san kuɗi kamar yunwar cikinsu sai da kansu ya ɗaure. A wannan lokaci in yaro ya tura hoton nan, wallahi ya yi magana da yawun kowa. Talaka ba shi da hanyar da zai tsayar da mai mulki ya tambaye shi, abin da ya rage masa ya karkata kai ya yi murmushin takaici.

Matsalar tana farawa ne idan aka juyo da shi cikin gida. Dattijo ya zauna ya harhaɗa sanarwa da ƙyar, idonsa ba ya gani sosai, yatsa ɗaya yake dannawa, ya rubuta lokacin jana'iza ko maganar kuɗin gyaran rijiyar masallaci, ya yi kuskuren wata kalma. Sai sa'an jikansa ya jefo masa Nick Young. Nan take wasu su biyo da fuskokin dariya. Shin yaron tambaya ya yi? Da tambaya ce, da ya ce Baba, ƙarfe biyu kake nufi ko bayan La'asar, a ba shi amsa a wuce wurin. Alamomin tambaya har shida a jikin hoto, amma babu tambaya ko ɗaya da mutum zai iya amsawa. In ka kira shi ka yi masa faɗa, sai ya ce ai ni ban ce komai ba. Kuma gaskiyarsa, bai ce ba. Ya ari fuskar wani ne ya yi ba'a da ita, ya bar tasa fuskar a wanke. Malamanmu sun karantar da mu a Suratul Hujurati cewa an hana wasu su yi wa wasu izgili, kuma tafsiri bai taƙaita izgili ga baki kaɗai ba, har nuni da ido da hannu yana ciki.

Mu ma fa muna da namu kayan mamakin. Mace ta riƙe haɓa ta ce ikon Allah. Tsoho ya ce tirƙashi. Wani ya tafa hannu ya yi salati, wani ya ce ashe, wani ya ce kai jama'a. Kowanne da nauyinsa: salati na abin da ya girgiza zuciya ne, tirƙashi na abin da ya fi ƙarfin mutum, ashe na wanda labari ya zo masa sabo yana neman ƙari. Hoton nan kuwa fuska ɗaya gare shi. Da ita ake amsa tsadar buhun shinkafa, da ita ake amsa labarin rasuwar da aka rubuta a karkace. Ko hotunan Osita Iheme, Pawpaw na fim ɗin Aki na Ukwa, da maƙwabtanmu suka fi so, sun fi shi yalwa, don akwai mai tagumi, akwai mai harara, akwai mai lissafi.

Mu baƙi ne a garin mutane, zauren nan shi ne sankirarmu. Waɗanda suka ga rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 sun san darajar saƙo ɗaya daga bakin babba, mai cewa kada kowa ya bi hanya kaza, ko mai cewa labarin da ake yaɗawa ƙarya ne. Dattijon da aka yi wa dariya sau biyu ba zai yi faɗa da kowa ba, shiru zai yi ya daina rubutawa. Tuni muka fara lura wasu daga cikinsu sun koma aiko yaro ƙofar masallaci da saƙon baki, su kuma mazauna Ojoo da Akinyele sai bayan an dawo daga maƙabarta suke jin an yi rashi.